Taru a Ruwa, Taru a Tudu

  Ina gaida mutanen Gaya, birni da ƙauye. Ina gaida na Tanda da Tunuga, na Bana da Bengu da Yelu. Ina gaida ƴan'uwa na ƙetaren ruwa a Malanbil, da na Kamba da Lolo, da duk inda muryar nan ta kai.

Yau maganarmu a kan taru ce. Taru kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake ja cikin kogi. Akwai wanda ake ja a tudu, a tasha da kasuwa da bakin ruwa, wato samame. Na farko kifi yake kwasa. Na biyu mutane. Dukansu doka ta yi musu awo. Awon na ruwa, ko yaron masunci ya san shi. Awon na tudu fa, mu nawa muka san shi? Wannan ita ce tambayata ta yau.

Bari mu fara da na ruwa, don shi ne a ƙofar gidanmu.

Kayan su kala-kala ne, kuma kowanne da halinsa. Mai birgi yana tsaye a goshin jirgi. Ba ya jifa sai ya ga motsi. Idonsa ne ke fara aiki, sannan hannunsa. Mai kalli yana shimfiɗa ragarsa da maraice, ya koma da asuba. Kifin da ya kai girman idon ragar shi ke maƙalewa, ƙarami ya zurare ya wuce. Mai gura da mai mamari su ma sun san abin da suke nema.

Taru daban yake. Doguwar raga ce, sama da abin da ke riƙe ta kan ruwa, ƙasa da dalma. Jirgi ya zagaya da ita ya yi da'ira. Ƙarti su kama igiya ta nan, wasu su kama ta can, a yi ta ja har gaɓa. Taru ba ya tambaya. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, kurungu, duk nasa ne. Haka ƴaƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Haka kunkuru, haka ciyawa. Dalmar nan kuma tana sharar ƙasan ruwa, tana rushe ramukan da karfasa ke haƙa don ƙwanta.

To ku lura da wannan, don a nan maganar take. Mai taru ba ya tantancewa cikin ruwa. A tudu yake tantancewa. Sai an zube kamu kan rairayi sannan a ce wannan na kasuwa ne, wannan ba shi da amfani. Kafin a gama, ƙananan sun riga sun mutu. Ko an mayar da su ruwa, sai dai su taso ciki sama.

Shi ya sa dokar kamun kifi da Nijar ta yi a watan Disamba na 1998 ta hana jan tarun da ke sharar ƙasan ruwa. Ta kuma hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. Yatsa uku, jama'a. Awo ne da ba ya bukatar boko. Ma'aikacin gandun daji ya zo, ya zura yatsunsa, magana ta ƙare. Ta shiga, ka ci gaba da sana'arka. Ba ta shiga ba, an ƙwace.

Kuma ba gwamnati ce ta fara wannan tunani ba. Kakanninmu Sarkawa da Kabawa sun riga ta. Akwai guraben da sarkin ruwa ke rufewa, ba mai taɓawa sai ranar su. Dubi Argungu, nan kusa da mu. Tun 1934 ake bikin nan da duniya ta sani. Dubban mutane ne ke faɗawa Matan Fada, amma da koma da gora suke shiga, kayan hannu. Kuma kafin ranar, an bar gurbin ya huta. Da taru ake ja a wurin kowane mako, da ba a sami giwan ruwan da za a ɗora kan sikeli ba.

Yanzu kuma mun ga abin da ke faruwa. Rairayi na cinye kogi, bakuna sun ƙaru, kamu ya ragu. Har akwai masu ɗinke gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su shiga ruwa da shi. Ba na zaginsu, yunwa ce. Amma su da kansu sun san kifin baɗi suke ci bana.

To, mu fito daga ruwa, mu hau tudu.

Yadda samame ke gudana, ba sai na koya wa mutumin kan iyaka ba. Motoci su tsaya. A tare hanya ta nan, a tare ta can. Duk wanda ke tsakiya ya shiga. Mai kabu-kabu, ɗan dako, mai shayi, almajiri, baƙon da ya sauka daga mota yanzun nan. A ce kowa ya zauna. Mai takarda ya nuna. Marar takarda ya hau mota, a can za a yi bayani.

"A can za a yi bayani." Ka ji tantancewar tudu ke nan.

Kafin in ci gaba, bari in ba jami'an tsaro haƙƙinsu, don ban zo nan in yi musu rashin adalci ba. Ruwa ba ya tsami banza. Yankin nan ba yadda muka san shi shekara goma da suka wuce yake ba. Masu ɗauke da makamai sun sami maɓoya a dajin W. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Benin da bakinta ta ce an kashe mata soja 54 a rana ɗaya a can. Ta gabas kuma ga Lakurawa, waɗanda suka addabi Kebbi da Sakkwato, har da wannan jiha tamu ta Doso. Bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa ta nan zuwa teku, an sha kai masa hari. Jandarman da ke tsaye a shinge da tsakar dare ɗan wani ne, mijin wata ne. Bai san wanda ke kan babur ɗin da ke tahowa ba. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba, kada ya raina tsoronsa.

Saboda haka ba na cewa a daina bincike. Cewa nake yi, samame ma ya kamata ya yi ido. Ya kasance da awon da marar laifi zai zurare ya wuce, tun kafin a kai shi gaɓa.

Me ya sa na dage a kan haka? Mu duba wanda ke faɗawa ciki.

Gaya gari ne mai ƙofa uku. Mutum yana iya karyawa a nan, ya ci kasuwa a Malanbil, ya kwana a Kamba. Akwai gidajen da uwa ƴar Benin ce, uba ɗan Nijar, ƴaƴa na karatun allo a Najeriya. Garin Dole ma gari ɗaya ne da iyaka ta raba. Cikin kogin kansa, sai a 2005 Kotun Duniya ta yanke inda iyaka ta bi tsakaninmu da Benin, ta ce tsibirin Lete na Nijar ne. Iyakar ta bi inda ruwa ya fi zurfi. Wane masunci ne zai nuna maka layin nan da sanda? Yana iya tsayawa a Nijar, birginsa ya sauka a Benin.

A irin wannan wuri, in aka ce takarda ce ke raba mai laifi da marar laifi, wa za a kwasa? Bafillacen da aka haifa a ruga, ba a taɓa rubuta sunansa ko'ina ba. Basarken da aka haifa a tunga, kan tsibiri. Ɗan ci-rani da ya baro katinsa gida don kada ruwa ya lalata shi. Waɗannan su ne kullum cikin mota.

Babban mai laifi fa? Hausawa sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Shi takardunsa sun cika, wani lokaci ma na ƙasa biyu. Yana da waya, yana da yara a kowace kwana. Kafin motoci su tashi, labari ya riga su isa. Mai fasa-ƙwaurin gaske ba ya zama kan benci a tasha da ƙarfe goma na dare. Wanda ke zaune a wurin, yaronsa ne mai ɗaukar jarka, wanda aka biya kuɗin abincin yini.

Kada ku ce hasashe nake yi. Bari in kawo muku abin da ya faru, duniya ta shaida.

A watan Yuni na 2014, sojoji suka tare ayarin motoci a jihar Abiya, kudancin Najeriya, a kan hanyar Fatakwal. Mutum 486 aka kama a dare ɗaya. Ƴan Arewa ne, da yawansu daga Jigawa. Aka ce ana zargin Boko Haram ne. Hukuma ta ce ta sami wani da take nema a cikinsu. To, mu ɗauka haka ne. Sauran fa? Ƴan ci-rani ne, masu neman na tuwo. Sai da manyan jiharsu suka tashi tsaye kafin a sako mafi yawansu. Amma kafin nan an nuna su a jaridu, a zaune a ƙasa, da sunan ƴan ta'adda. Wannan tambarin, wa zai goge musu shi?

Na biyun ya fi kusa da mu, kuma ya fi ciwo, don masunta ya faɗa wa. A farkon 2015, bayan Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. Aka hana babur. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, bisa hujjar cewa da kuɗinsu mayaƙan ke sayen makami. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, aka ce kowa ya fice daga tsibiran tafkin Cadi cikin ƴan kwanaki. Dubban mutane suka taka da ƙafa zuwa Gigimi cikin zafin bazara. Akwai waɗanda ba su kai ba. Cikinsu akwai Hausawa masunta da yawa, irin waɗanda suka baro gida suka bi kifi gabas.

Dalilin hukuma ba ƙarya ba ne. Mayaƙan suna karɓar haraji a kan kifi. Amma haramcin bai tsaya kansu ba. Ya hau kan mai jirgi, da mai banda, da mai kwali, da direba, da matar da ke soya kifi a bakin hanya. Sai a 2019 aka ɗage haramcin kifin. Shekara huɗu. Saurayin da aka raba da jirginsa da babur ɗinsa shekara huɗu, ina ake so ya nufa? Wa ke jiran sa da kuɗi a hannu?

Haka kuma aka kwashi ɗaruruwan mutane daga Difa zuwa gidajen kaso na Kollo da Kutukale. Da aka fara shari'a a 2017, kotu ta hukunta wasu, ta sallami wasu da dama don babu shaida a kansu. An sallame su, gaskiya ne. Amma bayan an yi damina biyu ba su yi noma ba. Wani ya tarar matarsa ta koma gidansu. Wani ya tarar an binne mahaifinsa.

Kun ga abin da nake nufi da tantancewar tudu. Sakin mutum ba ya mayar masa da abin da ya rasa.

Mu ma nan mun ɗanɗana irin namu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta rufe. An ce da shugabanni ake. Amma wa ya kwana da yunwa? Ɗan dako, da direban da ya yi watanni a gindin motarsa, da mai tuwon tasha. Da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe saboda dalilan tsaro. Jama'a suka koma jirgin ruwa. Masunta da yawa suka ajiye raga suka zama masu fito. A watan Mayu kuma hukumomin Benin suka tare mashigin ruwan. Ba zan shiga rigimar gwamnatoci ba, ba ita ce maganar yau ba. Abin da na sani shi ne, hanyar halal in ta toshe, kowa kan koma ta bayan gida. In kuwa kowa ya koma ta bayan gida, kowa ya zama abin zargi. Daga nan samame ya sami abinci.

Yanzu ga abin da nake so jami'an tsaro su saurara da kunnen basira, don amfaninsu ne.

Babban makaminku ba bindiga ba ne. Labari ne. Wa ya ga baƙin fuska sun ƙetare da dare? Mai fito. Wa ya san wanda ya sayi man babur jarka goma ya nufi daji? Mai bumburutu. Wa ya ga sawun babura inda ba hanya? Makiyayi. Waɗannan su ne idanunku. Kuma su ne dai samame ke kwasa.

Mutumin da aka ɗora a mota ba laifin tsaye ba na zaune, ya kwana biyu a rufe, ƙaninsa ya sayar da akuya kafin ya fito, kuna jin gobe zai kawo muku labari? Ko ya ga abu, zai ce bai gani ba. Ba don yana son ɓarayi ba. Don ya koyi cewa kusantar hukuma tsada gare ta. Mutum ɗaya kuka kama, amma gidansu duka kuka rasa. Ranar da za ku bukaci bakin da zai yi magana, sai ku tarar gari ya yi shiru.

To, mene ne awon? Na ce muku akwai shi, bari in faɗe shi.

A Nijar, wanda aka tsare don bincike a kan laifi na yau da kullum, awa 48 doka ta ba masu bincike. Ba a ƙarawa sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. A Benin ma kundin tsarin mulki awa 48 ya ce, sai alƙali ya ga mutum kafin a wuce haka. A Najeriya kwana ɗaya ne in kotu na kusa, in tana nesa kwana biyu. Zargin ta'addanci yana da nasa wa'adin, ya fi wannan tsawo, amma shi ma ƙidayayye ne. Kun ga ƙasashe uku, amma awon kusan ɗaya. Dokar ƴan sandan Najeriya ta 2020 ma ta fito ƙarara ta ce ba a kama wani a madadin wani. Ba a kama uba don ɗa ya gudu. Ba a kama mata don ba a ga mijinta ba. Addininmu ya riga ya koya mana haka, kowa da nasa laifin.

Wato a san sunan wanda ake nema. A san dalilin kama shi. A san ranar fitarsa ko ranar ganin alƙali. In ɗaya ya ɓace cikin waɗannan, an koma kamun kan mai uwa da wabi.

Wannan aikin mai birgi ne, kuma ya fi wuya, na sani. Sai an yi haƙuri, sai an zauna da mai unguwa da sarkin ruwa da sarkin tasha da arɗo, an san su, sun san ka. Sai an bi sawu kwana da kwanaki. Kuma ba ya cika mota a nuna wa manya. Samame kuwa dare ɗaya ne, da safe a ce an kama mutum kaza. Amma in an faɗi adadin da aka kama, ni tambayata ɗaya ce. Nawa aka kai gaban alƙali? Wannan adadin ba kasafai muke jin sa ba.

Sai dai fa, jama'a, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu. Akwai masu saukar da baƙon da ba su san daga ina ya fito ba, don ya biya da tsoka. Akwai masu kai mai da abinci daji, sun san wa suke kai wa. Mafi muni, akwai masu kai sunan maƙwabci don rigimar gona, ko bashi, ko neman aure. Ka je ka raɗa cewa wane yana da hannu, alhali ka san ƙarya ne. Wanda ya yi haka, shi ya riƙe igiyar tarun, ko da bai sa kaki ba. Kuma jami'in da aka yi wa ƙarya sau uku, a na huɗu ba zai tsaya tantancewa ba.

Kafin in sallame ku, ga ƴar magana zuwa gare ku, iyaye da ƴan'uwa.

In an yi haihuwa, a je a rubuta jariri tun da wuri, kada a ce sai ya girma. Wanda ya girma ba shi da takardar haihuwa, ya sa kunne. Alƙalai kan fita ƙauyuka lokaci-lokaci don yi wa irinsa. In sun zo, a bar gona yini ɗaya a je. Masu fito da masunta, ku naɗe katinku cikin leda, ku rataya a wuya, ya fi a bar shi ƙarƙashin katifa.

In kuma an tafi da naka, kada ka yi faɗa a bakin mota. Ka riƙe ranar, ka riƙe lokacin. Ka tambaya cikin ladabi ina za a kai shi. Ka nemi mai unguwa ko wani dattijo ku tafi tare. In wa'adi ya cika, ka tambaya ko an sanar da mai shigar da ƙara. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce, doka ce ta ba ka ita. In an nemi kuɗi, ka nemi takardar shaidar biya.

Ke kuma uwar da ɗanki bai kwana gida ba, kina zaune kusa da rediyo kina jiran a turo ƙofa, muna tare da ke. Allah ya bayyana gaskiyarsa, ya dawo miki da shi lafiya. Jami'anmu da ke kwana a shinge, Allah ya tsare ku, ya mayar da ku ga iyalanku.